Biskit Mai Gashi Ɗaya

"Wa kike gasa wa wannan abin?"

Fiorenza ta tsaya cak a ƙofar kicin, jakar cefane a hannunta. Mahaifinta Duilio na zaune da kayan aikinsa na masaƙa, ko takalmi bai cire ba. A gabansa ga wani yankin biskit da ya tsinto a bayan tanda.

"Baba... yau ka dawo da wuri."

"Inji ne ya tsaya. Ba shi na tambaye ki ba!"

Mako uku ke nan yana dawowa ya tarar da gida na ƙamshin gashi, in ya buɗe gwangwanin biskit kuwa wayam. Sai saƙa da warwara yake ta yi a ransa. Tun rasuwar matarsa Nella, wannan 'ya ita kaɗai ta rage masa, ko tari ta yi sai gabansa ya faɗi.

Ya ɗaga biskit ɗin ya matsa shi da yatsa, ya lotsa.

"Dubi nan. Busasshen ɓaure. Ɓawon lemo. Ga kuma wannan koriyar gyaɗa ta mutanen kudu. Mu a nan garin Prato yaushe muka fara haka? Almon, gyaɗar nan mai tauri, kawai mahaifiyarki take sawa, ta gasa, ta yanka a karkace, ta mayar wuta karo na biyu. In ka ciza sai maƙwabci ya ji! Wannan kuwa gashi ɗaya aka yi masa, kuma ke ba mai mantuwa ba ce."

"Baba, don Allah..."

"Na yi tunani, ba yaro ba ne ni. Ba a yi wa mai haƙori biskit mai laushi. Tsoho ne ko? Ademaro mai kantin magani ne? Na ga yadda yake washe miki dasashi ran Lahadi a bakin coci!"

Dariya ta kubce mata. Ta yi ta yi har ta dafa tebur, sai kuma dariyar ta rikiɗe ta koma kuka.

Duilio ya ajiye biskit ɗin.

"Fiorenza... 'yar lelena... faɗa min mana."

"Na kakar Calogero ne."

"Wane Calogero? Mai gyara mana inji? Wannan da ba ya iya haɗa ido da ni?"

Ta gyaɗa kai.

Da ma Ademaron ne, da ya san yadda zai yi da shi. Amma kaka! Ai yarinya ba ta gasa wa kakar saurayi komai sai magana ta yi nisa.

"Tun yaushe?"

"Shekara guda. Mahaifinsa ba lafiya, dole Calogero ya koma Sisili, can kudu, ya riƙe musu gona. Kakar ta taso tun daga can don ta gan ni, ita ta kawo min gyaɗar da ɓauren. Jibi za su tafi."

"Ashe har kin ɗaure kaya, ni ne ban sani ba!"

"Ban ɗaure komai ba, Baba! Sau biyu yana roƙona in aure shi in bi shi, sau biyu ina ce masa a'a. Wa zai tuna maka maganin hawan jini? Wa zai zauna da kai a teburin nan? Tsohuwa ta sha wannan doguwar hanya a banza... Na rasa abin da zan ba ta haƙuri da shi, shi ne nake gasa mata abin da za ta iya ci."

Ta buɗe jakar. Ƙwai ne da fulawa da sukari, na gashin ƙarshe.

Duilio ya dubi kayan da ke cikin jakar. Mako uku yana zargin za ta gudu ta bar shi, ashe ita tana nan tana binne zuciyarta saboda shi, a ɓoye, don kada ma ya ji nauyin abin.

"Kina son sa?"

"Baba..."

"Tambayarki na yi."

"Kamar raina."

Ya tashi ya wanke hannu, ya daɗe a gaban famfo fiye da kima. Sannan ya jawo kwano ya fara fasa ƙwai.

"Kira shi. Ki ce gobe su zo cin abincin rana, shi da tsohuwar. Ya kuma zo da shirin kallona ido cikin ido."

"Baba!" Ta rungume shi ta baya, hawayenta na jiƙa masa riga.

"Sake ni, za ki sa in zubar." Ya share fuska da gefen hannu. "Garin nasu... awa nawa ne a jirgin ƙasa?"

"Goma sha biyu."

"Sha biyu," ya maimaita a hankali. "To. Miƙo min ɓauren."