Dusar da Ba a Sace Ba

Tun ƙarfe takwas na safe Lucie take zaune a kan bencin kwamisariya, ofishin 'yan sandan Garuwa, ga shi an yi azahar. Nono ya jiƙa mata gaban riga. Jaririnta ɗan wata huɗu yana wajen maƙwabciya.

Insifekta Hamajoda ya dube ta, ya dubi fankar da ta mutu tun makon jiya, ya sake karanta ƙarar. Alhaji Buba, mai injin casar shinkafa, ya ce an biya kuɗin buhu ɗari uku na shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga Maga, amma ba su taɓa shigowa ba. Lucie ce akantar kamfanin, ita ta sa hannu. In ba a samu wani bayani ba, a sel ɗin 'yan sanda za ta kwana.

Ya tambaye ta ainihin aikinta. Ta ce ita ba ta riƙe kuɗi. Tana lissafa abin da buhu guda ke ci kafin ya zama shinkafa: wuta, leburori, mota. Ƙarshen wata ta rubuta wa Alhaji inda ake riba da inda ake asara.

"Yana karantawa?"

"Ranka ya daɗe, ni dai ina ajiyewa."

Insifekta ya miƙe da ƙyar, ya ce su je injin.

Mai kula da sito shi ne Habib, ɗan ƙanwar Alhaji, kuma makulli ɗaya ne, yana aljihunsa. Ya rantse motoci ukun da aka ce sun ɗauko buhunan ba su iso ba a watan Fabrairu. Ya ce a tambayi madam da direbobinta.

A bayan sito Insifekta ya tarar da wani mai shanu daga Banyo yana ɗora buhunan dusa. Mutumin ya ce shekara biyu ke nan shi yake kwashe dusar gidan duka, kuma Fabrairu ba ta gaza sauran watanni ba. Har ya ƙara mota.

Insifekta ya koma ofishin Alhaji, ya nemi rahoton Fabrairu. An daɗe ana nema. A ƙarshe aka zaro shi daga ƙarƙashin fulas ɗin shayi, zoben ruwa ya bushe a bangonsa.

Lucie ta buɗe shafi na uku, ta yi bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Kowane buhun shanshera yana ba da dusa daidai gwargwado. Dusar da aka sayar ta buhu dubu ce, kuɗin wuta ma na buhu dubu ne. Shinkafar da sito ya rubuta kuwa ta buhu ɗari bakwai ce.

Insifekta ya sa aka kira Habib.

"Shansherar da ba ta zo ba, ta yaya ta yi dusa?"

Habib ya ce wataƙila ragowar Janairu ce. Lucie ta juya shafi: an rufe Janairu sito a share, ga sa hannunsa.

"Dusa fa," in ji Habib, muryarsa ta yi ƙasa. "Wa yake ƙirga dusa?"

"Ni," in ji Lucie.

Daga nan bai ƙara musu ba. Ya ce an cashe shinkafar, ya fitar da ita kaɗan-kaɗan ranakun Lahadi, ya sayar wa wani ɗan kasuwa. Takardun shigowar motocin ya yage su. Ya zaci bare za a fara kamawa, kuma bai yi kuskure ba.

Alhaji ya ce magana ce ta gida, a bari su sasanta. Insifekta ya tuna masa cewa da safe, da ake zargin madam, bai ce haka ba. Ɗan sanda ya sa wa Habib ankwa, ya fita da shi.

Alhaji ya juyo wurin Lucie.

"'Yata, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ɗora yatsa a kan layin da ta ja wa jan biro mako shida da suka wuce, ta tura masa takardar. Sannan ta yafa gyale a ƙirjinta, ta fita bakin titi neman mashin.