Ranar da Layin Duba Ido Ya Watse

A garin Ɗan Kassari akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba ta da faɗa, ba ta da rashin kunya. Aibinta ɗaya ne. Jikinta yana ƙasa, hankalinta yana can sama tare da gajimare.

In ta zauna a lakwal, wato makaranta, sai ta ƙura wa taga ido. Wannan gajimaren raƙumi ne. Wancan tsohuwa ce ɗauke da tulu. Har hira take yi da su a zuci.

"Ke, mi na ce yanzu?" in ji malaminsu, Mushe Hamza.

"Mushe, ka ce mu buɗe littafi."

"Wannan ai tun ɗazu ne. Sauko ƙasa, ɗiyata, muna jiran ki."

Yara su yi ta dariya. Ita ma ta yi murmushi, can kuma ta koma wurin raƙuminta.

Babanta, Malam Inusa, manomi ne, yana da ciwon sukari. Yayarsa Gwaggo Hindatu ma tana da shi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Yarinyar tana son Gwaggo kamar me. Amma kwanan nan Gwaggo ta canza. Sai ta riƙa kaɗa hannu a gaban fuskarta, wai ƙudaje take kora. Ko ƙuda ɗaya babu a wurin.

Wata Asabar cikin kaka, wata farar mato ta tsaya a ƙofar asibitin garin. Masu duba ido ne suka zo saboda masu ciwon sukari. Yini ɗaya za su yi. In la'asar ta yi za su wuce, sai kuma baɗi.

Mutane suka cika bencina, maza gefe guda, mata gefe guda. Baba ne na farko. Yarinyar ta raka shi ciki.

Likitar ido sunanta Madam Fati. Ta ɗauko wata 'yar kwalba, ta dubi yarinyar.

"Ke ce 'yar rakiya ko? To, buɗe kunnenki da kyau. Zan ɗiga wa babanki wannan magani."

Daidai nan wani malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa ya shigo ta taga. Ya sauka a bango, yana buɗe fukafukai a hankali yana rufewa. Shi ke nan, an tafi. Yarinyar ta hau bayansa a zuci. Suka ƙetare gonakin gero, suka wuce dammunan da aka tara. Suka bi ta kan amalanken jakai, har suka sauka a ƙolin dutsen Dogon Dutsi. Iska tana kaɗa mata kallabi.

"Kin gane?" in ji Madam Fati.

"Na gane," in ji yarinyar. Ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

Aka ɗiga wa Baba magani, aka jira kaɗan, aka ɗauki hoton idonsa. Da suka fito, sai Baba ya tsaya cak, ya rufe fuska da hannu.

"Rana ta yi min yawa," ya ce. "Komi ya zama hazo. Riƙe hannuna."

Ta ja shi zuwa inuwar itacen bedi. Da ya buɗe ido, ta leƙa ciki. Baƙin tsakiyar idon ya buɗe, ya yi faɗi kamar bakin rijiya. Ba haka idon Baba yake ba.

Tsoro ya kama ta. Da ta tambayi Baba, da magana ta ƙare a nan. Ina, ba ta tambaya ba. Ta sheƙa da gudu zuwa layin mata, inda Gwaggo take zaune.

"Gwaggo, kada ki shiga. Maganin ya makantar da Baba. Da idona na gani."

Gwaggo Hindatu ta dubi inda ƙaninta yake zaune da hannu a fuska. Ta ja mayafinta, ta miƙe. Ta kusa da ita ta ji, ta gaya wa ta gaba. Kafin a ce haka, magana ta kai layin maza. Bencina suka zama wayam.

Madam Fati ta fito kiran na gaba, ta tarar da takalmi ƙafa ɗaya da wani ya manta.

"Ina mutane?" ta tambaya.

Yarinyar ta faɗi abin da ta yi. Baba ya girgiza kai.

"Ɗiyata, ba a gabanki likita ta ce zan ga hazo na ɗan lokaci ba? Ba ta ce kafin la'asar zai washe ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta.

Madam Fati ba ta yi mata tsawa ba. Ta kira ta ciki, ta nuna mata hoto a wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu.

Yarinyar ta saki baki. Wani ƙaton wata ne ja, mai haske a gefe guda. Siraran hanyoyi sun fito daga hasken, sun rarrabu ko'ina. Ta ji kamar ta shiga ta bi su.

"Cikin idon babanki ke nan," in ji Madam Fati. "Waɗannan hanyoyin jini ne. Ciwon sukari yana cinye su a ɓoye, mutum bai ji zafi ba. Maganin nan yana buɗe ido ne don in hango su. Na babanki lafiya lau. Amma wanda ya daɗe da ciwon, in ba a duba shi ba, yana iya rasa ganinsa."

"Gwaggona shekararta goma sha ɗaya da shi," in ji yarinyar. "Tana ganin ƙudajen da babu su."

Fuskar Madam Fati ta canza.

"Wannan ba za ta iya jiran baɗi ba. Ki nemo ta. La'asar muke tashi."

Yarinyar ta shiga gari. Rana na dukan ta, rairayi na ƙona mata ƙafa. Gida gida take sallama.

"Ni ce na faɗi maganar ɗazu. Ban saurari likita ba ne. Baba bai makance ba. Don Allah ku koma."

Wasu suka yi mata faɗa. Wasu suka yi dariya suka ɗauki takalmansu. A hankali bencina suka fara cika.

Gwaggo kam ta ƙi. Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar wake.

"Da bakinki kika ce kin gani da idonki," ta ce. "Ɗan ganin da ya rage min, ba ni kai shi a ɓata."

"Gwaggo, kuskure na yi."

"To, wace maganar zan kama? Ta safe ko ta yanzu?"

Hawaye suka zubo wa yarinyar. Ta koma wurin Baba, ta zauna kusa da shi. Gajimare suna wucewa a sama, kyawawa ƙwarai, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba. Idon Baba kawai take kallo.

Azahar ta wuce. Inuwa ta fara tsawo. Can sai Baba ya ƙifta ido, ya ce, "Hazo ya tafi. Tashi mu je."

Da suka isa gidan, Gwaggo ta dubi Baba. Ta zaro allura da zare daga cikin faifai, ta miƙa wa ƙaninta.

"Zura," ta ce.

Baba ya lashi bakin zaren, ya zura shi. Gwaggo ta shafa allurar da yatsa, ta ji zare a ciki. Ta ɗauki mayafinta.

A asibiti sun tarar ana loda kaya a mato. Madam Fati ta hango su, ta sa aka sauke akwati ɗaya. Ta ɗiga wa Gwaggo magani. Yarinyar ta riƙe mata hannu gam.

Hoton Gwaggo bai yi kama da na Baba ba. Ɗigo-ɗigon jini ne warwatse a cikinsa.

"Kin zo a kan lokaci, Inna," in ji Madam Fati. "Ga takarda. Cikin watan nan za ki tafi babban asibiti a Yamai. Za a tsayar da yoyon jinin nan. Ki riƙe maganin sukarinki, kuma duk shekara a duba idon."

Bayan girbin dawa Baba ya raka Gwaggo Yamai. Kwana tara suka yi. Kullum yarinyar tana addu'a, tana leƙen hanya.

Ran da suka dawo, ta ruga tarbarsu. Gwaggo ta sauko daga mato a hankali. Tun daga nesa ta tsaya, ta kama ƙugu.

"Ke, wa ya yi miki wannan karkataccen kitso? Tsaga ɗaya ta nufi gabas, ɗaya ta nufi kunne."

Yarinyar ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Daɗi ya cika ta. Ta rungume Gwaggo.

A tsakar gida Gwaggo ta zaunar da ita, ta fara tsefe kitson.

"Ɗiyata," ta ce, "in ana magana, ki saurara har ƙarshe. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya kafin ki faɗa wa mutane. Kin ji?"

"Na ji, Gwaggo."

"To, maimaita min."

Ta maimaita duka, ba ta bar ko kalma ɗaya ba.