Kar Ki Matso, Lisandra

Osmel ya ce tun ranar da ya ga Yudelkis a layin burodi, sauran matan birnin Habana suka koma masa turakun lantarki. A gaban mutane yake faɗa, hannu dafe da ƙirji.

Yudelkis mai gyaran farce ce, ƙarya take sha daga safe har yamma a bakin masu zuwa teburinta. Amma wannan ta yarda da ita.

Da likita ya ce ana zargin ciwon daji a hanjinsa, ita ta rufe teburin, ita ke bin layin asibiti, ita ke wanke abin da uwarsa Doña Migdalia ba ta iya ko kallo. Duk da haka ita tsohuwar, Lisandra take so masa, 'yar lauyan da ke saman bene.

"Ɗana fa ya taɓa karatun likita," in ji tsohuwar.

Ya taɓa kam. Irin taɓawar da ake wa tukunya mai zafi.

Ranar ɗaukar hoton cikinsa a asibiti, a bencin jira Osmel ya buɗe wa Yudelkis aji.

"Allurar nan da za a yi min, rabin raina, ƙwayoyin garkuwar jiki ne aka ɗaura musu sinadari mai haske. Su bi jini, su manne wa ciwon, na'ura ta hango shi. Ba lallai ki gane ba."

"Na gane. Karen farauta ne aka rataya wa fitila."

"A kimiyyance ba haka ake faɗa ba..."

Da aka gama, nas ta tsayar da su a ƙofa.

"Kai likitan benci, saurara. Sinadarin yana jikinka har gobe. Manya ba komai, amma kar ka ɗauki jariri, kar ka matsa kusa da mai ciki."

Suka iske falo cike da maƙwabta. Osmel ya rungumi uwarsa, ya rungumi tsoho Evelio abokin wasan dominonsa, har matar mai gyaran keke ta samu rabonta. Sannan ya jawo Yudelkis jikinsa.

"Ko me hoton ya nuna, aurenmu na nan, masoyiyata! Ke kaɗai ce! Waccan ta saman bene, ko sunanta sai an tuna min."

Hawaye ya cika mata ido. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, ƙashi duk ya fito.

Sai ga Lisandra da tukunyar faten gwaza, cikinta shafe cikin matsattsen wando. Ta ajiye, ta buɗe hannuwa ta nufo shi.

Mutumin da ɗazu sai da aka tallafe shi ya hau matakala, tsalle ɗaya ya yi ya koma bayan kujera.

"Kar ki matso, Lisandra! Tsaya nan!"

Kowa a falon ya juyo yana kallonsa.

Yudelkis ta dubi hannuwanta da sabulun wankinsa ya cinye, farce ko ɗaya babu mai kyau.

"Osmel... kowa ka runguma a ɗakin nan."

"Rabin raina, tsaya in miki bayani..."

"A kimiyyance?" ta katse shi. "Mutum iri biyu nas ta ce. Lisandra, ke jaririya ce?"

"Ke yarinya, wane irin sharri ne wannan?" in ji Doña Migdalia. "'Yar mutunci ce!"

Yudelkis ta zare zoben baikonsu, ta saka wa tsohuwar a tafin hannu.

"Mama, ba ya shan maganinsa sai an tsaya a kansa. Ku riƙa tsayawa."

"Na rantse ban san komai ba!" Osmel ya ɗaga hannu sama. "Ko gaisawa ba ma yi!"

Lisandra ta dafe mararta, idonta a ƙasa.

"Ko mamata ban gaya wa ba," ta ce a hankali. "Shi kaɗai ya sani."