Ranar Talata Ba A Shiga Teku

"Kukua! Wannan kwalliya da sassafe haka, ina za ki?"

Maame Tawiah ce ke tambaya, tana tsaye gaban murhun bandar kifi da hannu a ƙugu, hayaƙi ya mayar da idanunta jawur.

"Maame, yau fa Talata ce."

"Na san Talata ce, ni na haife ki ba ke kika haife ni ba. Asibitin yatsun nan za ku koma ko? Ba allura, ba ƙwaya, sai mace ta yi ta kaɗa wa ƙato yatsa a fuska! Ni ma ina da yatsu goma, ya zo in kaɗa masa kyauta."

Kukua ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali don kada dariya ta kuɓuce mata. Ta san uwarta, bakinta ne kawai mai zafi.

A Anomabo ba a shiga teku ranar Talata. Ranar ce masunta ke zama gindin kwakwa suna ɗinkin raga suna zuba wa juna ƙarya, ita kuwa Kukua ranar take raka saurayinta Ekow asibiti a Cape Coast. Wata takwas ke nan da igiyar ruwa ta kife kwalekwalen su Ekow dab da gaɓa. Ekow na riƙe da hannun wansa Fiifi, hannun ya zame. Shi ya fito, Fiifi kuwa sai bayan kwana biyu ruwa ya dawo da gawarsa. Tun daga nan ko warin man inji Ekow ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa, kuma ya gwammace ya zagaya ta bayan kasuwa da ya bi ta bakin teku.

Mahaifinta, Egya Bentsil, mai kwalekwale uku wanda ciwon gwiwa ya hana shi shiga ruwa shekara ashirin, magana ɗaya ya yanke. "Ba na ba masuncin da ke tsoron ruwa 'yata. In ya shiga teku kafin kakar kifi ta Agusta, danginsa su zo su ƙwanƙwasa ƙofa neman aure. In bai shiga ba, kada su wahalar da takalmansu."

A asibitin, Kukua kan zauna bisa benci a waje. Sau ɗaya kawai Sista Mansa, ma'aikaciyar da ke duba Ekow, ta bar ta ta shiga da yardarsa. Abin da ta gani bai fi abin da Maame ke faɗa ba. Sista ta ce ya tuno hoton da ya fi damunsa, ya riƙe shi a zuci, sannan ya bi yatsunta biyu da ido, hagu da dama, hagu da dama. Can ta sauke hannu.

"Ja numfashi. Me ya zo maka yanzu?"

"Ni na sake shi," in ji Ekow, gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

"To, riƙe wannan, mu ci gaba."

Haka aka yi ta yi, Talata bayan Talata. A ta bakwai suna cikin motar komawa gida, suna cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi a ganye ɗaya, sai ya ce, "Kukua, hoton fa yana nan, amma ya ja baya kamar jirgin da ya yi nisa. Kuma kin san me? Ban sake shi ba. Ruwa ne ya fi ƙarfina."

"Siriyos?" ta ce, hawaye da dariya suka zo mata tare. Don murna har ta bar masa kan kifin.

Ran Lahadi bayan an taso coci ya zo gaishe da iyayenta, fes da shi cikin farar riga. Ana cikin gaisuwa sai ga ma'aikatan Egya sun shigo ɗauke da injin kwalekwale, man na ɗiga a ƙasa. Kukua ta ga fuskarsa ta sauya. Amma bai gudu ba. Ya yi abin da Sista ta koya masa in abin ya taso, ya giciye hannuwa a ƙirji, tafukansa bisa kafaɗu, yana bubbugawa a hankali, hagu, dama.

Maame ta saki faranti. "Wayyo ni! A gidana? Wa ya mutu? Tsayuwar masu makoki za ka yi min a tsakar gida, mijina na zaune da ransa? Fita! Fita da wannan mugun fata!"

"Maame, magani ne fa—"

"Rufe min baki! In wannan ne magani, ki auri likitar!"

Ekow ya duƙa ya ba da haƙuri ya fita. Kukua ta shige ɗaki ta ci kuka har kanta ya yi ciwo, don a ganinta magana ta ƙare ke nan. Da ta leƙo ta taga, sai ta ga mahaifinta bai motsa ba. Yana kan kujerarsa yana kallon ƙofar da Ekow ya bi. Ranar ce ta fara lura da abin da take gani tun tana yarinya ba ta taɓa tunani a kai ba: kujerar nan kullum bayanta take ba teku.

Ta yi haƙuri, ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, amma da Talata ta zo ta ɗaura ɗankwalinta. Suna shiga mota ita da Ekow, sai suka ji ana cewa, "Ku matsa min." Egya Bentsil ne, ya yafa babban mayafinsa na zuwa taro.

"Papa, ina za ka?"

"Gwiwata zan kai asibiti."

Mota ta tashi, suka fita gari. Can dattijon ya yi gyaran murya, idonsa na kan hanya.

"Kai yaro. Ran nan ka ji warin, ka tsaya, ba ka gudu ba. Abin yana aiki ke nan?"

"Yana yi, Egya. A hankali dai."

"Ni ma ƙanena Ato ne ruwa ya ci. Ni ke riƙe da inji ranar." Ya shafa gwiwar da aka daɗe ana shafa wa man zafi. "Lafiyarta lau, baiwar Allah. Shekara ashirin ina ɗora mata laifi. Ka gaya wa kawunnanka su zo ran Asabar, ko ka shiga ruwa ko ba ka shiga ba."

Kukua ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Ba ta taɓa son mahaifinta kamar yadda ta so shi a motar nan ba.

Ran Asabar aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka buɗe. Maame ta ɗan yi ta cika tana batsewa, amma ita ta zuba wa surukin nata kifin da ya fi girma. Ekow bai shiga teku a Agusta ba, sai a Oktoba, ba don wa'adin kowa ba. Ranar kwalekwalensu ya yi jinkirin dawowa, rana har ta take, Kukua ta juya a bakin gaɓa ta ga uwarta ta giciye hannuwa tana bubbuga kafaɗu.

"Maame, wa ya mutu?"

"Ke tafi can, sauro nake kora!"

Ba su gama dariya ba tutar kwalekwalen ta bayyana.

Haƙurin Kukua dai bai faɗi ƙasa ba. Ciwon da ke cikin zuciya ciwo ne kamar kowane, ba ragwanci ba ne, kuma wanda ya kai nasa ga masu magani ya fi wanda ya ɓoye shi jarumta. Egya Bentsil ma ya shaida, domin bayan Talatarsa ta tara a wurin Sista Mansa, da hannunsa ya ɗaga kujerar nan ya juya ta tana fuskantar teku.