Baron Wayoyi a Kan Gada

Motar kuɗi ta shigo tsohuwar hanya da hantsi, sai Kwaro ya gindaya mata tifa. Ƙarar birki — ƙarar bindiga! Dogo, ogan 'yan fashin, ya diro yana ihu a buɗe ƙofa. Masu rakiya suka mayar da wuta. Babu wanda ya kula da farar bas da ke biye, sai da gilashinta ya tarwatse.

A daidai lokacin, can kan babbar gada, na ukunsu yana tura baro a hankali kamar mai ciwon baya. Injiniya suke ce masa. Ƙarƙashin buhun da ya rufa, tsofaffin wayoyi ne rututu, duk a kunne.

Shi ya kafa akwatunan da ke jikin turakun hanyar, kafin kamfani ya sallame shi. Akwatin bakin gada yana jin duk wayar da ta wuce, na ƙarshen gada ma ya ji ta, sai na'ura ta lissafa daɗewar tafiyar ta rubuta a babban allon mararraba. In wayoyi da yawa suka yi tafiyar hawainiya, allo zai ce gada ta cushe, direban kuɗi kuma ya kauce zuwa tsohuwar hanya. Sharaɗi ɗaya Injiniya ya kafa, ban da zubar da jini.

"Kai dai tura baronka, guy," in ji Dogo. "Ko ƙuda ba za mu taɓa ba."

Direban farar bas ɗin dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya iso mararraba ya ga allo ya yi ja, sai ya sa sigina. Fasinjoji suka hau mita, wai ga gada can suna hangowa, babu wani cunkoso. Dattijon ya yi murmushi.

"Ɗana ne ya haɗa allon nan," ya ce. "Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya karya kan mota, ya bi bayan motar kuɗi.

A ofishin kula da zirga-zirga, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta ga na'ura na cewa cunkoso, kyamara kuma na nuna gada fayau, sai mutum ɗaya da baro. Ta kira 'yan sanda.

Injiniya ya tsaya a ƙarshen gada, inda Dogo ya yi alkawarin turo masa babur. Ya kira, waya a kashe. Ya sake kira. Jiniya ta ƙaraso, bai ko gwada gudu ba.

Can a tsohuwar hanya, harsashi ya sami Kwaro a cinya, Dogo ya tsallake shi ya tsere shi kaɗai. Kwaro kuwa ya fasa ƙwai tun a gadon asibiti. Kafin la'asar an ritsa Dogo a wani gareji, gawarsa aka fito da ita.

Washegari yayar Injiniya ta zo caji ofis. Ya fara rantse mata cewa bai riƙe bindiga ba, baro kawai ya tura. Ta bar shi ya gama. Sannan ta gaya masa Baba na cikin waɗanda suka rasu, a kan sitiyarinsa aka same shi. Wata fasinja da ta tsira ta zo gaisuwa, ta maimaita musu maganarsa ta mararraba.

Injiniya ya kama ƙarfen ƙofa. Ya roƙa ta nemo masa izini, ko da ankwa ne, ya raka Baba.

"An kai shi tun jiya," ta ce.

Ta turo masa kwanon abinci ta ƙarƙashin ƙofar.

"Inna ce ta aiko. Ta ɗauka kuskure aka yi aka kama ka, tana ta cewa a sako mata marayanta." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni dai bakina ba zai iya ba. Kai za ka faɗa mata."