Surukin da Ya Hau Bayan Moto

Ranar kasuwar Gidan Amumune ce, a shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai, gero kuma ya gagari talaka. Mai Nasara ɗan kabu-kabu ya tsayar da motonsa gaban wata yarinya mai saida tabarmin kaba. Sanye yake da koriyar rigar 'yan ƙwallon Najeriya, wadda ya sayo a Katsina da ya je cin rani.

Ba tabarma ta kawo shi ba, ita ma ta gane.

"Malam, kauce mani da wannan tsumman," ta ce. "Sai a ɗauka rama nike saidawa."

"Rigar Mikiya ce tsumma?"

"Angulu dai. Ba su ne Mena, barewarmu ta Nijar, ta kora gida ba?"

"Yaran gida kuka ci. Bari manyan su zo daga Turai."

"Waɗanda sai an yi masu fifita kafin su yi gudu? Su zo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sayi tabarmar da bai san inda zai shimfiɗa ba. Sunanta Lalla, ɗiyar Gazali, wani Buzu mai zango kusa da Issawane.

Daga nan saƙon waya ya kama hanya.

"Barewata, kin ci abinci? Kada ki rame kamar 'yan bayanku."

"Na ci, Anguluna. Ka wanke rigar nan don Allah, ko ba ta ci kofi ba ta ci sabuni."

"Zan wanke ranar da kika ce kina sona."

"To ta mutu da dauɗarta. Amma ka zo gobe."

Da magana ta yi nisa, ya fara zuwa gaida mahaifinta. Yadda aka saba, tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Gazali kuwa fari ya cinye masa shanu, bai bar masa ko ta tatsa ba. Wuni yake ƙarƙashin aduwa, rawani ya rufe masa baki, rediyo a cinya. Gaisuwar duniya amsarsa "mhm". Saboda haka duk abin da Mai Nasara ya sani na mutumin ƙafafunsa ne, da takalmin fata da aka ɗinke maɗaurinsa da shuɗin zare.

Ba shi kaɗai ke neman Lalla ba. Akwai Manzo mai shagon cajin waya, wanda ke kawo wa Gazali batirin rediyo, ya zauna yana yabon Mena alhali ko launin rigarsu sai ya tambaya.

Wata ranar kasuwa da la'asar, wani dattijo mai rawani ya ɗare bayan moton Mai Nasara, ya ce Issawane. Ba su yi nisa ba ya ja masa riga.

"Samari, wannan ta mi ce? Ta masu gudu da ƙwallo a hammata kamar sun saci kaza?"

"Rugubi ke nan, Baba, wasan Turawa. Wannan ta zakarun Afirka ce."

"Zakarun gardama. Kowa na neman ya ci shi kaɗai, a nuna shi a tele."

"Ku fa? Mai tsaron gidanku ya fi kowa aiki a ƙasar nan. Ya kamata soja su ba shi minista."

Tsohon ya kece da dariya, ya rama. Haka suka yi ta yi cikin rairayi, kowa na yaga ɗan uwansa. Daɗi ya kwashi Mai Nasara. Suna wuce wani mushen sa a bakin hanya ya nuna da baki.

"Ka ga Mena can, Baba. Shanun bana. Kafin su kai rijiya sun faɗi."

Dariyar bayansa ta ɗauke. Suka isa Issawane. Dattijon ya sauko, Mai Nasara ya sunkuya zai kwance masa ƙullin kayansa, sai idonsa ya faɗa kan shuɗin zare.

Bai san sa'ad da ya saki moto ya zube ƙasa ba. Gazali ya ɗauki ƙullinsa ya wuce.

Kafin magariba saƙon Lalla ya shigo.

"Da shanun Abbana za ka yi wasa? Ka san abin da ya binne bana? Ya ce kada ya sake ganin tayar motonka. Ni ma haka."

"Wallahi ban san shi ba ne, Barewata. Ban taɓa ganin fuskarsa ba."

"Da wani ne sai ya halatta?"

Mai Nasara ya ajiye waya. Ya tura kawunsa Talle ban haƙuri, aka ba shi ruwa ya sha, aka sallame shi. Manzo ya sami fili, har ya fara tambayar kuɗin akwati.

Hadiza, uwar Lalla, ita ta fara lura da wani abu. Tun ranar nan mijinta ya buɗe baki. Yana cin tuwo yana mita.

"Wai minista. Yaron banza. Da na ce masa nasu mai tsaron gidan ko akuya ba ya tarewa."

"To ka faɗa wa Manzo mana," in ji ta.

"Wannan? Ko cewa na yi Mena da ƙafa uku take wasa, gaskiya ne Baba zai ce."

Damina ta zo ta yi kyau. Gero na shirin shiga rumbu Mena ta ci Masar a Yamai, ƙasa duk ta ɗauka. Gazali ya juya hagu ya juya dama, ba wanda zai yi wa gori. Ranar kasuwa ya taka har tashar kabu-kabu, ya wuce motoci da yawa, ya hau bayan na Mai Nasara.

Yaron ya ga takalmin, ya gane mai shi. "Baba, ka gafarce ni. Maganar shanu..."

"Tuƙa. Shanu Allah ya ba ni, ya karɓi abinsa. Ta yi mani zafi, na kuwa yafe. Ka ji sakamako?"

"Na ji, Baba."

"To mi ka ce?"

"Ba ni da ta cewa gaban suruki."

"A ƙasa nike surukinka. Nan fasinja ne, ƙeyarka kawai nike gani. Yi magana."

Mai Nasara ya ja moto. Sai da suka wuce gonaki biyu ya ce a hankali, "Masarawan zafi ne ya kashe su. Ko 'yan lakwal ɗin Mayahi, yaran makaranta, sai su ci su ranar."

"Ɗan banza," in ji Gazali, muryarsa fal daɗi. "Ka ce wa Talle ya dawo."

Da yamma waya ta yi ƙara.

"Abba ya shigo yana waƙa. Mi ka yi masa, Anguluna?"

"Zaginsa na yi da izininsa. Kin huce?"

"Saura kaɗan. Ka zo ka ƙarasa."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure. Da biki ya watse, ango da amarya suka je gaisuwa ƙarƙashin aduwa, Mai Nasara durƙushe, kansa a ƙasa. Gazali ya ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya cika maku rumbu da garke. Ya ba ku 'ya'ya masu albarka, kada ko ɗaya ya biyo ubansa wajen ƙwallo."

Kowa ya shafa. Ango ya shagala da lissafin ranar kasuwar da zai rama a kan moto. Lalla ta zungure shi da gwiwar hannu ta cikin lulluɓi.

"Amin, Baba," ya ce.