Wanda Ya Kai Ƙarar Kansa

A gajiye ta fara ganinsa, shi ma a gajiye. Safiyatu nas ce a asibitin Birnin Kudu, tun safe take tsaye, sai ga wani dogon saurayi an rirriƙo shi daga tasha, da kwat a jikinsa cikin wannan uban zafi, zazzaɓi na kaɗa shi.

"Daga ina haka, Malam?" ta tambaya tana haɗa allura.

"Daga Ingila, Sista. Taro muka je. Gwaram zan wuce gida, jiki ya ƙi."

Sunansa Iliyasu. Lokacin kuɗin mai ne, kowane saurayi ya zama ɗan kwangila, shi kuwa bawan Allah yana can Kano yana rubuta manhajar kwamfuta. Taron ma na masu rubuta manhajar da rayuka suka rataya a kanta ne, irin ta jirgin sama da na'urorin asibiti.

"To me kuka tsinto a taron?"

"Abu ɗaya. Wanda ya rubuta manhaja ba shi zai gwada ta ba. Wani zai miƙa wa ya gwada, ya kuma faɗa masa da bakinsa duk inda yake jin tana da rauni. In ya ɓoye, wani ne zai mutu."

"Allah Sarki. Miƙo hannu."

Ya warke, amma bai daina zuwa asibitin ba. Da ya koma Kano sai suka koma aika wa juna kaset ta hannun direbobi.

"Sanyin idona," in ji muryarsa, "yau ma ban runtsa ba. Na duba aikina har idona ya yi ja, fuskarki kaɗai nake gani babu kuskure."

"Malamin na'ura," ta mayar masa, "ka ci abinci tukuna. Ƙafafuna sun kumbura, amma jin muryarka ya sa na manta."

Magabatansa suka je neman aure. Mahaifinta, Malam Hambali, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba, ya tura ƙaninsa Kawu Ɗanbala Gwaram ya jiyo halin yaro a asirce. Akwai kuma wani Alhaji Sabo, ɗan kwangila, da shi ma ya fito, kowa sai yabonsa yake.

To, a nan Iliyasu ya yi aika-aika. Da ya ji mai bincike ya shiga garinsu, sai ya wanke ƙafa ya je ya same shi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, kada ka wahala. Ina da saurin fushi in na gaji. Nakan yi kwanaki ban ce uffan ba in aiki ya cushe. Ina da gyambon ciki. Tafiya ba ta ƙare mini. Ka fara duba nan."

Kai jama'a! Wa ya taɓa ganin haka?

Da labari ya iso masa, Malam Hambali ya ce, "Mutumin da ya kai ƙarar kansa, ko dai ba ya son auren yana jin nauyin faɗa, ko kuwa boko ya taɓa masa kai. Alhaji Sabo zan ba."

Safiyatu ta yi kuka har ta gode Allah. Ta gaji da aiki, ta gaji da jira, ga wannan kuma. Ta aika masa kaset mai gajeren zance: "In ka fasa ne, ka faɗa mini ni. Ba sai ka zubar da mutuncina a gaban iyayena ba."

Washegari ya iso, jiki duk ƙurar mota, suka tsaya a zaure.

"Fasawa? Safiya, ban taɓa tsoron lalacewar wani abu ba kamar wannan auren. Rayuwarki za a ɗora a kaina. In na ɓoye, ke za ki sha wuya."

"Ai ni za ka faɗa wa, ba Kawu ba."

"Ke kina sona. Yafe mini za ki yi, ba za ki duba ba."

Haushinsa take ji, tana kuma sonsa fiye da jiya.

Shi kuwa Kawu Ɗanbala mutum ne mai naci, bai bar binciken ba. Ya dawo yana jan ƙafa, ya zube a tabarma.

"Yaya, na gaji. Na karaɗe Gwaram, na shiga Kano. Duk abin da yaron nan ya faɗa haka yake, kuma ban samo ko ɗaya da bai faɗa ba. Alhaji Sabo kuwa, duk wanda na tambaya sai ya waiga kafin ya yabe shi."

Malam Hambali ya kira 'yarsa. "Kin ji halinsa duka. Za ki iya?"

Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, marar lafiyar da ya nuna mini inda ke masa ciwo bai taɓa ba ni wuya ba."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a. Jama'a na watsewa, Malam Hambali ya yi abin da surukai ba sa yi, ya sa aka kira masa ango zaure, su biyu kawai.

"Tunda haka ake a aikinku, ga nata raunin. Tana da taurin kai. In ranta ya ɓaci ba ta cin abinci." Tsohon ya gyara zama. "Kuma tun rasuwar uwarta ta daina kuka a gabana, don kada ta karya mini zuciya. In ka ga ta juya baya ta kama wanke kwanon da ba shi da datti, to kuka take. Ni na kasa rarrashinta. Kai ka je kusa."

Iliyasu ya kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga a kan babbar rigarsa.

"Na karɓa, Baba."

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya hutar da ku gajiyar duniya. Tashi ka je, tana jiranka."